Sana'ar Da Tasnim Ta Koya Mini

'Yan'uwana masu karatu, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allah da ta rubuto cewa in ji tsoron Allah in daina wasa da zuciyar ɗan mutane. Na gode mata. Tunda kuma akwai sababbi a cikinmu, bari in koma baya kaɗan in jera muku mutanen gidanmu, yadda nake jera wa yarana abu a kan allo kafin mu shiga darasi.

Mu huɗu ne a gidan, duk mata. Akwai Ammi, mahaifiyarmu, wadda ke ɗinki a baranda tun rasuwar Abba, mahaifinmu. Akwai yayata Rukshana, da nake ce wa Apa, tana aiki a wani kantin magani a cikin garin Lautoka. Akwai 'yarta Tasnim mai shekara tara. Sai ni, Farisha, malamar makaranta. Gidan katako ne mai rufin kwano a unguwar Tavakubu, muka kama shi haya bayan wa'adin hayar gonar rakenmu ya cika, masu ƙasa suka karɓi abinsu. Ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Abin da muka rasa shi ne abin da kowane gida a layinmu yake da shi, wato mutum a ƙasar waje. Wannan ɗansu yana Sydney, waccan 'yarsu tana Auckland. In Sallah ta zo sai ka ga ana sauke akwatuna, ana rabon cakulan da turare, mu kuwa a aiko mana da namu a ɗan faranti. Ammi ba ta taɓa cewa komai ba, sai dai na sha ganin irin kallon da take yi wa farantin nan.

Sau ɗaya muka kusa samu. Shamir, mijin Apa, akanta ne, ya fara neman bizar ƙwararru ta Ostireliya lokacin Tasnim tana koyon tafiya. A wajen gwajin lafiyar da ake yi wa iyalin mai nema ne likita ya tabbatar da abin da muka daɗe muna zargi, cewa yarinyar ba ta ji. Wani ejan na harkar biza ya gaya musu cewa yaro mai irin wannan lalura yana iya kayar da takardar gida gaba ɗaya, don can sai an auna abin da ƙasa za ta kashe a kansa. Ba a daɗe ba Shamir ya saki Apa, ya bar mata 'yarta, ya sake cika takardunsa shi kaɗai. Yau yana Brisbane, can Ostireliya, da wata matar da 'ya'ya masu ji.

Ranar da aka dawo mana da Apa, uwar Shamir ce ta rako ta, Anti Mehrun. Ina tsaye a ƙofar kicin, Tasnim na kafaɗata tana wasa da ɗan kunnena. Anti Mehrun ta gyara mayafinta mai duwatsu, ta dubi Ammi.

"Zubeda, kada ki riƙe mu a rai. Ba mu muka ƙi yarinyar ba, takarda ce ta ƙi ta."

Ƙaramin ɗanta Imroz ne ya tuƙo motar. Ya sauke akwatunan Apa, ya jera su tsaf a baranda, bai ɗaga ido ya dubi kowa ba. Shi ne mutumin da yake neman aurena yau.

Ni lokacin ina kwalejin horar da malamai. Na gama na fito malamar firamare kamar kowa. Tasnim kuwa tana girma da fushi. In tana son abu ba mu gane ba, sai ta yi ta buga kanta da bango har goshinta ya tashi, Apa ta zauna a ƙasa tana kuka tare da ita. Abin da ya kai ni koyon maganar hannu ke nan a wajen wasu kurame manya, ina koyowa ina kawowa gida. Kalmar da ta fara mayar mini ita ce ruwa. Na miƙa mata kofi, ta sha, ta tsaya tana kallon hannunta kamar yau ta fara ganinsa. Daga nan na koma jami'a na ƙara shekara guda a kan koyar da kurame, aka mayar da ni makarantar yara masu buƙata ta musamman. In an tambaye ni wa ya koya mini wannan sana'a, nakan ce Tasnim, don gaskiyar ke nan.

To, yanzu ga yadda suka dawo.

Imroz ma ya taɓa gwada sa'arsa wajen neman bizar Ostireliya. A shagon ubansa yake, inda ake sayar da firji da na'urar sanyaya ɗaki, kuma shi ne mai gyaran da hannunsa, tun yana yaro. Masu gyaran firji ana neman su can ido rufe. Sai dai da aka zo zaɓar sunan sana'a, Anti Mehrun ta ce ita ɗanta ba lebura ba ne da za a rubuta shi mai gyara, dangi su gani a Brisbane. Aka rubuta shi manaja, ubansa ya sa hannu a takardar shaidar aiki cewa shekara da shekaru yana zaune a ofis yana kula da ma'aikata. Hukumar tantancewa ta duba ta ce karatunsa bai yi kama da na manaja ba. Ga shi kuma ba dama ya dawo ya ce shi mai gyara ne, tunda da bakin ubansa an ce ba ya taɓa sukurdireba. Ƙofa ta rufe. Sai Anti Mehrun ta ji a gidan wani biki cewa malamai ake nema, kuma macen da ta samu biza tana tafiya da mijinta.

Wata Lahadi da hantsi muka ga mota a ƙofar gida. Anti Mehrun ta fito cikin wandon salwa da riga kore shar, awarwaron zinariya har gwiwar hannu, Imroz na biye da ita da tire biyu na barfi, alewar madara, an lulluɓe da jan kyalle. Ta rungume Ammi kamar jiya suka rabu. Apa ta ja Tasnim suka shige ɗaki. Aka sha shayi mai citta, aka yi zancen tsadar albasa da hayaƙin injin sukari da ke baƙanta wa mutane shanya, sannan ta kawo maganar: wai abin da ya wuce ya wuce, wai gidajen nan biyu Allah ya ƙaddara su haɗu, wai Imroz tun da can yana ganin hankalina. Ko sau ɗaya ba ta tambayi jikarta ba.

Bayan sun tafi na ɗauka Ammi za ta juye barfin nan a kwata. Sai na ga ta saka shi a firji. Da yamma ta kira ni baranda, tana tsefe ɗinkin wata riga, ta yi mini magana a hankali ba tare da ta dube ni ba. Ta ce ta tsufa, idonta ya fara gazawa a kan allura. Ta ce Imroz ba Shamir ba ne. Ta ce ba za ta bar ni in tafi ƙasar mutane ni kaɗai ba miji ba, kuma in ban tafi ba, haka za mu ƙare mu huɗu a gidan haya ana aiko mana da faranti. Na juya wajen Apa ina jiran ta tashi ta yi faɗa. Tana yanka kuɓewa, ba ta ko tsaya ba.

"In hanya ta buɗe miki ki bi, Farisha. Ni tawa ta rufe, ba zan zauna a kan taki ba."

Ban ce eh ba, ban ce a'a ba. Na ce mu je mu ga mai harkar biza tukuna.

Ofishin Madam Litiana yana saman wani shagon yadi. Doguwar mace ce mai jiki, da fure a bayan kunne, ga dariya kamar ana juye kwanuka. Mu uku muka je, ni da Imroz da uwarsa. Na sa farar riga mai ɗigon shuɗi da mayafi ruwan toka, irin shigar da nake yi in za a yi taron iyayen yara. Madam Litiana ta baje takardun karatuna a tebur, ta daɗe tana dubawa, sannan ta juyo mana da fuskar kwamfuta. Ta yi mana bayani cewa kowace sana'a tana da sunanta da lambarta a jerin hukumar Ostireliya, kuma ba a zaɓar wadda ta fi daɗin faɗa. Abin da ka karanta da abin da hannunka yake yi kullum, su ne za su yi daidai da layin da ka ɗauka, in ba haka ba a dawo maka da takardarka, lokaci ya tafi a banza. Ta ce ni kuwa ina cikin 'yan kaɗan da layi biyu ya hau kansu daidai. Ta nuna na sama, malamar firamare. Ta nuna na ƙasa, malamar kurame.

Anti Mehrun ba ta bari ta rufe baki ba. Ta ce na sama za a ɗauka, ko ma a duba in akwai na shugabar makaranta. Ta ce ita ba za ta so a ji a Brisbane cewa surukarta da bebaye take wuni ba.

Madam Litiana ta kwantar da kai ta dube ta ta saman tabarau.

"Anti, ba irin wannan ne ya kashe wa ɗanki takarda ba? Ga shi nan zaune, manajan da farcensa duk baƙin mai."

Imroz ya ɓoye hannuwansa a ƙarƙashin tebur. Ita kuwa ta ci gaba, ta ce layin firamare cike yake da mutane daga ko'ina a duniya, ana iya shekaru ana jira ba a kira mutum ba. Na kurame kuwa, a ganinta, kusan ba kowa a kansa, don masu wannan karatu ba su da yawa.

'Yan'uwa, da ma a ce kun ga fuskar Anti Mehrun. Na ga maganar tana shiga ta a hankali, kamar ruwa a busasshiyar ƙasa. Jikar da ta ajiye mana a baranda tare da akwatuna, ita ce ta sassaƙa mabuɗin da take roƙo yau. Ta yi gyaran murya, ta taɓa hannuna, ta ce ai koyar da irin waɗannan bayin Allah aikin lada ne, ita tun da can tana faɗa.

Madam Litiana ta aike su ƙasa su yi kwafin fasfo. Da ƙofa ta rufe sai ta rage murya.

"Malama, tsakanina da ke. Son yaron nan kike yi, ko ɗauko shi aka ɗora miki?"

Ba ta jira amsata ba. Ta ce ita dai aikinta ta gaya mini gaskiya: a lissafin makin da ake ba masu neman biza, mace marar aure ta fi wadda ta auri mijin da ba a tantance sana'arsa ba. Imroz ba zai ƙara mini komai ba, rage mini zai yi. In na shiga ni kaɗai a layin kurame, na fi kowa kusa da ƙofa.

A kan matakalar ofishin nan, ina saukowa, na gama tsara abin da zan yi. Zan faɗa muku shi yadda yake, ba zan shafa masa mai ba. Zan bari su sa ranar baiko, su gayyaci dangi, su dafa shinkafar palau a manyan tukwane. Kafin ranar, takardata ta riga ta shiga da sunana ni kaɗai. In an taru, aka miƙo zobe, sai in gyara mayafina in ce wa Anti Mehrun kada ta riƙe ni a rai, ba ni na ƙi ɗanta ba, takarda ce ta ƙi shi. Shekarun nan duka ina ɗauke da maganar nan tata, ban san ajiya nake yi mata ba.

Sai dai na ga wannan kaɗai bai isa ba. A mota, muna komawa gida, na ce musu ban yanke shawara ba tukuna, ƙila ma layin firamare zan ɗauka, tunda shi Anti ta fi so. Ta juyo daga kujerar gaba da sauri har awarwaronta suka yi ƙara. Na ce mata cikin ladabi, ni kunya nake ji in ci abinci da sunan kurame alhali uwar mijina ba ta iya ko gai da jikarta ba. Na ce duk Asabar da safe ina koya wa iyayen yarana maganar hannu a makaranta, ƙofa a buɗe take.

Ta zo. Wallahi ta zo.

Ajinmu ba shi da kujerun manya, sai 'yan ƙananan shuɗaye na yara. A kansu iyaye suke zama: matan kasuwa masu ƙamshin kifi, wani direban motar rake, wata tsohuwa da ke zuwa daga ƙauye da gwaza a buhu. A tsakiyarsu Anti Mehrun ta zauna da leshinta, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. Kowa a ajin ya san ko ita wace ce, don Lautoka ba ta da girman da za a ɓoye irin wannan. Tsohuwar nan mai gwaza ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "A'a, yau kaka ta tuna hanya?" Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ni ban yi ba. Na ce mata da murmushi ta cire awarwaron da zobban, suna hana yatsu motsi. Ta cire su ɗaya-ɗaya ta zuba a jaka.

Tasnim ce mataimakiyata a wannan aji tun da can. Takan tsaya a gaba da kitsonta biyu ɗaure da jan ribbon, in na nuna kalma ita ta bi layi tana gyara wa mutane yatsu. Da ta iso kan kakarta sai ta tsaya. Ta kama yatsun nan masu kauri da ba su taɓa shafa kanta ba, ta lanƙwasa wannan, ta miƙe wancan, ta girgiza kai, ta sake. Na koya musu gaisuwa. Na koya musu uwa, uba, kaka, jika. A Asabar ta gaba na koya musu yadda ake cewa yi haƙuri, na ce kowa ya juya ga yaron da ke gabansa ya maimaita. Anti Mehrun ta yi. Na ce hannun bai zauna daidai ba, a sake. Ta sake. Na ce fuska ma tana magana a wannan yare, ba a ba da haƙuri da ɗaurarriyar fuska. Ta sake, gumi na bin wuyanta. Ni da ake yaba wa haƙuri da yara, ban taɓa sanin haƙurin malami yana iya zama bulala ba sai ranar. Na koma gida na ci gurasar roti da miyar waken dal har na nemi ƙari.

Inda abin ya fara ba ni wahala shi ne wajen Imroz. Ban ce ya zo ba, shi ya kawo kansa. Yakan zauna a baya, doguwar ƙafarsa a miƙe, kuma hannun mai gyara ba ya wuyar koyo. Kafin uwarsa ta iya gaisuwa shi ya fara haɗa zance. Ya ga fankar ajinmu ta daɗe a tsaye, ya zo da kayan aiki ya tayar da ita ba wanda ya roƙe shi. Wata rana ya so ya ce wa Tasnim ribbon ɗinta yana da kyau, ya kuskure ya ce mata akuya, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Tasnim ba ta cika dariya da baƙi ba.

Ga kuma saƙonni a waya. Da safe sai in tarar ya turo ɗan bidiyo yana gaishe ni da hannu, a bayansa firji a buɗe. In gyara masa, ya turo wani. Ran nan ina cikin bas ya rubuto:

"Ranar da na sauke akwatunan Rukshana, na so in yi magana. Na ji tsoron mahaifiyata. Har yau abin yana damuna."

Na karanta, na kife wayar a cinya, na kalli gonakin rake suna wucewa. Sai da na sauka na ba shi amsa.

"Ka jera su da kyau kuwa."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar. Daga ƙarshe ya ce, "Na cancanci wannan." Amma ba zan ɓoye muku ba, na koma kan saƙon nan fiye da yadda ya kamata. Nakan tuna wa kaina cewa mutumin da ya yi shiru sau ɗaya saboda uwarsa, zai sake yi. In zuciyata ta yi laushi, sai in leƙa ɗakin Apa in ga gadonta na mutum ɗaya.

An sa baiko Lahadi ta sama. Ammi ta ɗinka mini riga ruwan zuma mai aikin zare a wuya, tana ɗinki tana 'yar waƙa, abin da rabona da ji tun Abba yana da rai. Wannan ma yana ci mini rai, don ita ba ta san komai ba. Sannan Anti Mehrun ta bugo waya da albishir: Shamir zai zo daga Brisbane musamman don baikon ƙaninsa. Na ce Allah ya cika mini tebur. Zai tsaya a cikin mutane ya ji maganar uwarsa ta dawo gidansu.

Jiya Asabar, bayan an tashi daga aji, iyaye sun watse, na zauna a teburina na buɗe kwamfuta. Rana ta take, fankar Imroz tana juyawa a sama. Saƙon Madam Litiana yana jirana:

"Malama, Litinin zan tura takardarki. Wane layi? Kuma ke kaɗai, ko da manajan?"

A ƙasa ta manno layukan nan biyu da lambobinsu. Na ɗora yatsu zan rubuta, sai na ji haɓar Tasnim a kafaɗata. Ta gama tattara kujeru. Tasnim tana karatu fiye da sa'o'inta masu ji, don haka ban yi saurin rufewa ba, na san ta riga ta gani. Ta zagayo gabana, don mu sai muna fuskantar juna muke magana.

Na fara tambayarta ko ta ji daɗin ganin kakarta yau. Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce mini da hannu, kakar nan duk Asabar in za su fita takan juya ga Imroz ta faɗi abu iri ɗaya, kuma ta gane shi a leɓenta: saura nawa a gama. Mutane suna sakin baki a gaban Tasnim, suna ɗauka wanda ba ya ji ba ya gani.

"Na san ba don ni take zuwa ba," in ji ta. "Na ga ke kike so, shi ya sa nake gyara mata."

Ashe duk makonnin nan da nake jin daɗin ganin tsohuwar nan a ƙaramar kujera, yarinyar tsayawa take yi tana yi mini aiki.

Ta nuna layin ƙasa a kwamfutar, ta tambaye ni mene ne. Tun ranar da ta fara magana na yi wa kaina alkawarin ba zan yi mata ƙarya ba, don duniya ta riga ta ɓoye mata abu da yawa. Na ce mata sunan aikina ne, kuma wata ƙasa tana neman masu irin wannan aiki.

"Can akwai yara irina?"

Na ce akwai.

"Ba su da malama?"

Na ce malamansu sun yi kaɗan.

Ta gyaɗa kai, abin ya yi mata daidai. Fuskarta har ta ɗan washe. Ta tambaya ko ajin can ma yana da shuɗayen kujeru, ko za a bar ta ta riƙa gyara wa iyaye yatsu. Na ce mata a hankali, takardar tana ɗaukar miji ko 'ya'yan mutum ne kawai, ita kuwa 'yar yayata ce.

Hannuwanta suka sauka. Can ta ɗago su.

"Can ne Abbana yake. Shi 'yarsa ce ni. Me ya sa bai tafi da ni ba?"

Ba wanda ya taɓa gaya mata. Apa takan ce aiki ne ya riƙe shi. Na duba ƙofa ko wani zai shigo ya cece ni, ba kowa sai kajin mai gadi a tsakar makaranta. Na ce mata an gaya masa takardarsa ba za ta wuce ba in tana ciki.

Ta ɗaga yatsa ta taɓa kunnenta. Ba tambaya take yi ba.

Wayata ta yi motsi a kan tebur, Imroz ne, yana tambayar kalar rigata don ya sayi hula mai shigen ta. Saƙon Madam Litiana yana nan a buɗe ba amsa. Ga Litinin jibi, ga Shamir yana haɗa akwati, ga maganar da na daɗe ina wasa wa baki tana jiran Lahadi. Duk lissafin da na yi, na wanda zai ji kunya ne da wanda zai sunkuyar da kai. Ban taɓa lissafa wanda zai tsaya a gaban ajin nan ranar Asabar in na tafi ba, ko wanda zai fassara wa Tasnim abin da ake faɗa a teburin cin abinci.

Ba ta yi kuka ba. Ta matso, ta ɗora ɗan yatsanta a kan layin ƙasa, ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, sannan ta dube ni. Tasnim ta gane cewa kunnenta ne ya sa ubanta ya tafi ya bar ta, kuma kunnen nan nata ne zai buɗe mini ƙofar da ni ma zan bi in bar ta.